Malaman da Suka Karanta Tarihin Ƙasa a Cikin Laka da Ruɓaɓɓen Itace

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, ba zai rasa ganin tarin jar ƙasa da manyan kududdufai dama da hagu ba. Wannan shi ne gadon da haƙar kuza ta bar wa ƙasar Filato. Abubuwa iri uku ne suka fito daga cikin irin waɗannan ramuka. Na farko kuza da kolombait, waɗanda aka loda a jirgin ƙasa aka kai bakin teku, suka tafi Ingila. Na biyu kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, waɗanda suka sa sunan Nok ya zaga duniya. Na uku kuwa shi ne abin da lebura ke watsarwa gefe don ya kai ga kuza, watau baƙar laka da ruɓaɓɓen itace da guntayen gawayi. Na farko ya kawo kuɗi, na biyu ya kawo suna. Na ukun nan da aka raina shi ne ya ba da labarin yadda ƙasar take tun ba a halicci mai ba da labari ba, amma mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen karanta shi, da wuya a sami ɗan makaranta ɗaya cikin dubu da zai iya kawo sunan ko da guda daga cikinsu.

Ba Turawa ne suka fara sanin kuzar wannan yanki ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Ririwai suna narka ta, suna yin ta sanda-sanda sirara, fatake na kai ta kasuwanni. Waɗannan sanduna ne suka ja hankalin kamfanin Neja, ya aiko da mutanensa neman tushen abin cikin 1902 da 1903. Kafin 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya iso Filato, cikin 1927 kuma babban layin dogo na gabas ya iso Jos, yana kawo kwal daga Inugu. A 1919 Gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai, Dokta J. D. Falconer ne shugabanta na farko, littafin farko da ta buga kuwa cikin 1921 a kan filayen kuza na Filato ne. Abin da ake nema a lokacin ma'adini ne, ba wani abu ba. Amma wanda ya shiga rijiya neman guga, tilas ya ga abin da ke ƙasan rijiyar.

Yadda tsiro ke tsira daga ruɓewa har ya kai shekaru miliyoyi abu ne mai sauƙin fahimta. Ganye in ya faɗi a tudu, gara da rana da ruwan sama sun gama da shi kafin shekara ta zagayo. In kuwa ya faɗa cikin tafki, laka ta rufe shi ta hana iska isa gare shi, sai ya kwanta nan. Laka na hawa kan laka, nauyi na ƙaruwa, har ta zama dutse, siffar ganyen na manne a ciki da jijiyoyinta. Gungumen itace kuma, in ruwa mai ɗauke da narkakken ma'adini ya daɗe yana ratsa shi, a hankali ma'adinin kan maye gurbin naman itacen, har ya zama dutse sak, amma mai kallo ya ga ɓawo da zanen jikin itace. Inda kurmi ya yi ta zubewa cikin fadama shekara da shekaru, shi ne ke zama kwal. Ashe kwal ɗin da jirgi ya riƙa kawowa Jos daga Inugu, wanda aka gano a Udi cikin 1909, shi kansa kurmi ne na zamanin da ake ƙonawa don a tono kuza.

Akwai kuma hanya ta huɗu, wadda ta fi sauran amfani ko da yake ido ba ya ganinta. Ita ce ƙurar fure, wannan gari rawaya da kan kama rigar manomi in ya ratsa gonar masara ko ta gero lokacin da suke fidda bunni. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai a jera talatin ko arba'in kafin su cika tsawon milimita guda. Amma Allah ya yi mata ɓawo mai taurin gaske, wanda ruwan asid mai narkar da yashi da dutse ba ya cin sa. Kowane dangin tsiro kuma da irin siffar ƙurarsa: wata mai ƙaya, wata mai ramuka uku, wata kamar ƙwallon goriba. Saboda haka masani kan ɗebi laka cikin cokali, ya narkar da ita da asid, ya ɗora abin da ya rage a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ya yi ta ƙirga. In ya ga ƙurar ciyawa ta rinjaya, ya san fili ne a wurin. In ta itatuwan kurmi ce, ya san da can ana tafka ruwa. Aiki ne na haƙuri da ciwon ido da warin sinadari, ba shi da kalankuwa, shi ya sa ba a cika jin masu yin sa ba.

Ilmin kansa ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Ibn Sina, a cikin littafinsa Kitabus Shifa, ya yi bayani a kan yadda dabba ko tsiro kan juye ya zama dutse. A ƙasar Sin, wani malami Shen Kuo ya rubuta cikin 1088 cewa an ga itatuwa masu kama da gora da suka zama dutse a ƙarƙashin ƙasa, a wani yanki busasshe da gora ba ta fitowa, ya kuwa yi hasashen cewa yanayin wurin ne ya sake. Bafaranshe Adolphe Brongniart ya tsara ilmin bisa ƙa'ida tun daga 1828, sa'an nan cikin 1916 Lennart von Post na ƙasar Suwidin ya nuna yadda za a ƙirga ƙurar fure hawa-hawa a karanta tarihin daji kamar yadda ake buɗe shafukan littafi.

Baturen da ya kamata a fara ambata game da ƙasar nan shi ne Albert Seward, shaihun malamin ilmin tsirrai a Jami'ar Kambirij daga 1906 zuwa 1936. Labarin da ya fi fito da sunansa mai ban tausayi ne. Cikin 1912 Kyaftin Scott da mutanensa suka mutu da yunwa da sanyi a hanyarsu ta dawowa daga ƙarshen kudancin duniya, a ƙasar ƙanƙara ta Antatika. Da aka sami gawarwakinsu cikin watan Nuwamba na shekarar, sai aka tarar da duwatsu masu nauyin laba 35 a cikin kayansu, sun yi ta jan su duk da galabaita ba su yar ba. Seward ne ya duba duwatsun, ya bayyana cikin 1914 cewa a jikinsu akwai ganyen wani itace mai siffar harshe da ake kira Glossopteris, wanda aka riga aka sani a duwatsun Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya da Amurka ta Kudu. Itace ba ya fitowa a kan ƙanƙara, irinsa kuma ba ya ƙetare teku mai faɗin dubban mil. Wannan ganye ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojin da suka tabbatar daga baya cewa waɗannan ƙasashe a haɗe suke a da, rabuwa suka yi. Shi wannan Seward ɗin ne kuma, bayan shekara goma, watau cikin 1924, ya rubuta bayanin wasu burbushin tsirrai da aka tono a kudu maso gabashin Nijeriya, ma'aikatar binciken ƙasa ta buga.

Ita Filato kuwa, sha'aninta daban ne. Duwatsun da suka haifi kuza sun haura shekara miliyan 150. Ruwa da iska suka yi ta cin su, kuza na gangarawa tana taruwa a gindin koguna. Daga baya duwatsu masu aman wuta suka tashi, irin waɗanda har yanzu ake ganin kawunansu wajen Panyam da Kerang, narkakken dutse ya malala ya rufe tsofaffin kwaruruka, ya tare hanyoyin ruwa, tafkuna suka samu. Shi ya sa masu haƙa kan fasa baƙin dutse su tarar da tsohon kogi kwance a ƙarƙashinsa da kuzarsa. Lakar irin waɗannan tsofaffin tafkuna ce wasu masana biyu suka bincika, Kiyoshi Takahashi mutumin Japan da Ulrich Jux Bajamushe. Cikin 1989 suka fitar da bayanin ƙurar furen da suka samu a lakar tafkin Filato ta wajen shekaru miliyan 20 zuwa 30 da suka wuce, aiki mai shafi sama da 180. A ina aka buga shi? A mujallar Jami'ar Nagasaki. Ba laifin marubutan ba ne, domin kowa a gidansu yake shanya. Amma abin a tsaya a yi tunani ne, a ce ɗalibin da ke zaune a kan wannan laka a Jos, in yana son sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya nemo shi daga Japan.

Sauran ƙasar Arewa ma ba a bar ta a baya ba. A dajin Gundumi na ƙasar Sakkwato da wajen Illo a ƙasar Kabi akwai itatuwan da suka zama dutse, masu shekaru fiye da miliyan 100, haka kuma a ƙasar Tegama ta Jamhuriyar Nijar. Shaihun Malami Cornelius Kogbe ya daɗe yana binciken duwatsun kwarin Sakkwato, shi ne kuma ya shirya babban littafin nan na ilmin duwatsun Nijeriya cikin 1976. A ƙasar Bauci da Gombe akwai shimfiɗar yashi da laka da ake kira da sunan Karekare, wadda aka daɗe ana jayayya a kan shekarunta, saboda babu ƙashi ko katantanwar da za a dogara da ita. Cikin 1978 Sylvester Adegoke da abokan aikinsa suka duba ƙurar furen da ke cikinta, suka sanya ta a zamanin da ya biyo bayan ƙarewar manyan dabbobin nan dinaso, watau wajen shekaru miliyan 60.

Mai karatu na iya tambayar amfanin wannan ga talaka. Amsa ta farko tana cikin baitulmalin ƙasa. Mai haƙar rijiyar mai ba ya ganin inda bakin injinsa ya kai. Abin da ke fitowa sama daga zurfin ƙafa dubbai niƙaƙƙen dutse ne kawai, kuma daga ƙurar furen da ke cikinsa ake gane hawan da aka kai da wanda ya saura. Bayan samun mai a Oloibiri cikin 1956, masanan kamfanin Shell sun yi shekaru suna wannan ƙirga, har uku daga cikinsu, Germeraad da Hopping da Muller, suka buga sakamakon cikin 1968, suka haɗa Nijeriya da Borneo da yankin Karebiyan. Har gobe masu neman mai na amfani da irin wannan ma'auni. Wanda duk ya taɓa karɓar albashi daga kuɗin mai, ya ci albarkacin masu ƙirga ƙurar fure ko bai sani ba.

A cikin 'yan ƙasa, wadda ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce Shaihiyar Malama Margaret Adebisi Sowunmi. A birnin Kano aka haife ta, cikin watan Satumba na 1939. Ta karanta ilmin tsirrai a Ibadan, ta tafi Suwidin ta zauna a gaban Gunnar Erdtman, wanda a zamaninsa babu kamarsa a sanin ƙurar fure, ta sami digirin dokta cikin 1967. A 1971 ta kafa ɗakin binciken ƙurar fure a Jami'ar Ibadan, irinsa na farko a jami'o'in ƙasar nan, ta zama farfesa cikin 1982. Kafin mutum ya gane ƙurar da ta shekara dubu goma a laka, tilas ya san ta itatuwan da ke raye yau. Don haka ta fara da bin itatuwan ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗibar ƙurarsu, tana bayyana siffar kowace, har ta tara ma'aunin da na bayanta suka dogara da shi. Ta duba zuma ma, domin ƙudan zuma kan tara ƙurar duk furen da ya sauka a kai, saboda haka cokalin zuma kan faɗi irin dajin da aka sha shi.

Aikinta bai tsaya a kudu ba. Cikin 1975 ita da Kogbe suka buga bincikensu a kan shekarun duwatsun Gwandu a mujallar Savanna ta Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan cikin 1991 ta fitar da bayanin ƙurar furen kogon dutsen Kariya Wuro a ƙasar Bauci. Amma binciken da ya fi jawo magana shi ne na lakar da aka zaƙulo daga ƙarƙashin fadamar bakin kogin Kwara, wanda ta buga cikin 1981. Ta ga cewa wajen shekaru 2800 da suka wuce ƙurar kwakwar manja ta ƙaru farat ɗaya, ta manyan itatuwan kurmi kuma ta ragu. Kwakwa itace ce mai son rana, ba ta yawaita sai inda aka buɗe kurmi. Sai ta ce wannan alamar manoma ce, sun fara saran daji. Wani masani Bafaranshe, Jean Maley, ya ce a'a, fari ne ya buɗe kurmin, ba gatari ba. Suka yi ta musayar hujja a mujallu shekara da shekaru. Ko wane ne ya fi gaskiya a cikinsu, abin lura shi ne mace 'yar ƙasar nan ce ta kafa tambayar, manyan masanan Turai suka taso suna amsawa. Cikin 2003 Jami'ar Uppsala ta Suwidin ta ba ta digirin girmamawa. A garin da aka binne cibiyarta kuwa, sunan nata baƙo ne ga yawancin masu karatu.

Sai maganar Nok, wadda a nan ne ramin kuza da ilmin tsirrai suka haɗu sosai. Ƙauyen Nok yana kudancin Jihar Kaduna ne, amma Jos ce ta riƙe labarinsa. Cikin 1928 aka tono wani ɗan kan yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen, aka ajiye ba a san darajarsa ba. Cikin 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani kai daga wajen Jama'a, wanda aka ɗora a kan sanda a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya ga kamanninsu ɗaya, ya shiga bin ramuka yana roƙon masu haƙa su riƙa ajiye duk abin da suka gani, har aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos cikin 1952. To, amma yumɓu ba ya faɗin shekarunsa. A daidai wannan lokaci ne Willard Libby na Amurka ya fito da hanyar auna shekarun duk abin da ya taɓa rayuwa, ta wani nau'in sinadarin kabon da rabinsa ke ƙarewa cikin kowace shekara 5730. Guntayen itacen da ke kwance cikin lakar ramin Nok aka aika aka auna, daga nan Fagg ya kimanta cewa masu wannan sana'a sun rayu tsakanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa da shekara 200 bayanta. Gawayin matoyar ƙarfe ta Taruga ya ƙara tabbatar da tsufan abin. Kan yumɓu ya shiga akwatin gilashi, baƙi na zuwa kallo, itacen da ya ba shi shekaru ba wanda ya tambaye shi.

Tun daga 2005 masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka sake tona wuraren zaman mutanen Nok. Masanan tsirrai na cikinsu, irin su Katharina Neumann da Stefanie Kahlheber da Alexa Höhn, dabararsu mai sauƙi ce: a zuba ƙasar tsohon murhu cikin bokitin ruwa a dama, yashi ya nutse, ƙonannen hatsi da gawayi su taso sama, a tace, a shanya, a duba a madubi. Da wannan suka mayar da farkon zamanin Nok baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Suka kuma gano abin da ke cikin tukunyar mutanen: gero ne babban abincinsu, da wake, suna kuma tsintar 'ya'yan itace, ciki har da atili. Atilin nan da mata ke sayarwa a bakin titi a Jos da Pankshin, ana cin sa a wannan yanki tun kusan shekaru 3000. Cikin 2021 kuma wani bincike da aka yi a kan maiƙon da ya shige jikin katangar tukwanensu ya nuna alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo. Gero da wake da zuma. Bahaushen yau da zai sauka a gidan mutumin Nok, harshe zai gagare shi, amma ba zai kwana da yunwa ba.

Amsa ta biyu ga mai tambayar amfani ta shafi gona da daji. An daɗe ana koyar da cewa ƙasar Arewa duk kurmi ce a da, manomi da makiyayi ne suka mayar da ita fili da gatari da wuta. A kan tudun Biu akwai tafkin Tila, wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Ulrich Salzmann da abokan aikinsa suka zaƙulo lakar gindinsa, suka buga sakamakon cikin 2000 da 2002. Abin da ƙurar fure ta nuna shi ne, ko a lokacin da ruwa ya fi yawa, shekaru 8000 zuwa 9000 da suka wuce, wurin ba rufaffen kurmi ba ne. Daji ne mai ciyawa da itatuwa, irin wanda yanzu sai an gangara kudu ake gani, gobara kuma na cin sa a kai a kai. Daga baya ruwa ya yi ta raguwa, bushewa ta tsananta wajen shekaru 4000 da suka wuce. A wancan zamani na ni'ima ne aka sassaƙa kwalekwalen Dufuna na ƙasar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya cikin 1987, aka auna itacensa aka sami kimanin shekaru 8000. Wannan ba ya wanke mai sare itace barkatai a yau. Amma ya nuna cewa Hamada tana da tafiyarta ta kanta tun kafin garma, kuma mai shirin dashen itatuwa da bai san abin da ƙasar ta taɓa ɗauka ba, da abin da ya kashe shi, zai yi ta zuba kuɗin jama'a a kan dashen da ba zai ga damina uku ba.

Yadda wasu ƙasashe ke girmama irin waɗannan malamai abin koyi ne. Birbal Sahni na Indiya almajirin Seward ne a Kambirij. Ya koma gida ya kafa cibiyar binciken burbushin tsirrai a Laknau cikin 1946. Ranar 3 ga Afrilu 1949 Firayim Minista Nehru da kansa ya je ya aza harsashin gininta, ƙasar ba ta ko cika shekara biyu da samun mulkin kai ba, ga yunwa ga rikicin rabuwa da Pakistan. Bayan mako guda Sahni ya rasu. Matarsa Savitri ta riƙe cibiyar, aka sa mata sunansa, tana nan tana aiki har yau, cikin 1997 ma gidan waya na Indiya ya buga kan sarki masu hoton burbushin tsirrai don tunawa da ita. A ƙasar Holan akwai garin Heerlen, garin masu haƙar kwal, inda Wilhelmus Jongmans ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin ganyayen da ake fitarwa daga ramuka. An rufe ramukan kwal ɗin tun cikin shekarun 1970, amma cikin 1994 aka ƙago lambar girma da sunansa, ana bai wa wanda ya yi fice a wannan ilmi. Garin ma'adini ne da ma'adininsa ya tsaya, kamar yadda kasuwar kuza ta faɗi cikin 1985 ta bar Bukuru da kududdufai.

Nijeriya ba ta rasa hanyoyin girmamawa ba. Akwai majalisar masanan kimiyya ta ƙasa tun 1977, akwai lambar yabo ta ƙasa ga masu ilmi da aka kafa cikin 1979. Amma lambar da ake rataya wa mutum ɗaya a Abuja, a ɗauki hoto a watse, ba ita ce buƙatar wannan fanni ba. Sahni ba lambar wuya ta raya sunansa ba, ɗakin aiki ne da ɗalibai. Jos tana da gidan tarihi tun 1952, tana da jami'a mai cin gashin kanta tun 1975 da sashen ilmin duwatsu da haƙar ma'adinai, tana da makarantar koyon aikin ma'adinai, tana kuma zaune a kan lakar da masana suka zo daga Japan da Jamus don su duba. Babu garin da ya fi ta dacewa da ɗakin ajiyar burbushin tsirrai na ƙasa, inda za a tara itacen Gundumi da kwal ɗin Inugu da Lafiya da lakar Filato da kwafin duk abin da aka rubuta a kansu, a kuma kafa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin da ya fi ƙwazo, da sunan Sowunmi ko Kogbe. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na bikin naɗin sarauta guda na wani babban mutum ba. Ya kamata kuma a jikin bangon ɗakin a tuna da leburorin kuza, har da dubban da aka kawo aikin tilas daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, waɗanda da yawansu sanyin Filato da cuta suka kashe. Hannuwansu ne suka buɗe ramukan da malamai suka karanta.

Abin da ya sa maganar ba ta jira shi ne, shaidar tana ƙarewa. Masu tonon kan yumɓu don sayarwa a ɓoye sun birkice wuraren zaman Nok da dama. Su kan suke nema, sai su watsar da gawayi da ƙonannen geron da ke kewaye da shi, alhali in ƙasar ta cakuɗe ba mai iya sake jera ta. A kan Filato kuma matasa na ta haƙar kuza da hannu, suna nutsa ramuka masu zurfi cikin tsofaffin kwaruruka, wani lokaci ramin ya rufta da su. Kowane irin wannan rami yakan ratsa hawa-hawan laka da wataƙila ba wanda ya taɓa gani, kuma damina ɗaya ta isa ta cike shi. Abin da masani ke buƙata daga ciki bai wuce cikin tafin hannu ba daga kowane hawa, a ƙulle a leda, a rubuta sunan wurin da zurfin da aka ɗebo shi, a kai Jos a ajiye.